Yadda malamin dabbobi zai nuna wa mai ɗaukar aiki abin da hannunsa ya iya

"Assalamu alaikum. Na gama HND a fannin lafiyar dabbobi da kiwo, na yi bautar ƙasa, yau shekara ɗaya da rabi ina kai takardu gonakin kaji da asibitocin dabbobi masu zaman kansu, shiru kake ji. Wuri biyu aka kira ni, duka aka ce ba ni da gogewa, alhali tun ina makaranta nake bin wani likita ruga-ruga muna allura. Ta yaya zan nuna musu cewa na iya aikin nan?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka da kyau, aikin yana hannunka, abin da ya rage shi ne shaidar da za ka ajiye a gaban wanda bai taɓa ganin ka riƙe da sirinji ba. Wannan matsala ta yi wa malaman dabbobi yawa, kuma tana da magani.

Ka fara da duba lamarin ta ɓangaren mai gonar. Kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya da ke Vom, da takwararta ta Ibadan, da kwalejin titin Mando a Kaduna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin Audu Bako ta Dambatta, kowace shekara suna yaye ɗalibai, kuma takardar kowa kusan abu ɗaya take faɗa. Manaja zai buɗe fayil ashirin ya ga ND da HND da takardar bautar ƙasa a kowanne. Shi kuwa abin da ke hana shi barci daban ne: kaji dubu biyar da ya ciyo bashi ya zuba, waɗanda kuskure ɗaya a ranar rigakafin cutar Gumboro zai iya kwantar da su. Ɗaukar mutum a kan takarda kaɗai, a wurinsa, cinikin biri a sama ne. Saboda haka idan ya ce maka ba ka da gogewa, yawanci abin da yake nufi shi ne bai ga abin da zai kama ba. Shekarun da ka yi kana bin likita sun wuce ba tare da sun bar rubutu ko ɗaya ba, kuma nan ne gyaran zai fara.

Takardun makaranta kansu ba su da wata doguwar magana. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun zo iri ɗaya a kan dukansu, ka ɗauki hotonsu tsaf, ka haɗa su a fayil ɗaya na PDF mai ɗauke da sunanka. Ka nemo littafin SIWES ɗinka, wato na horon aiki da ka yi lokacin karatu, idan yana nan, domin yana da sa hannun mai kula da kai da hatimin wurin da ka yi. Sannan ka je ofishin daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiharku ka tambayi yadda ake rajistar mataimakan likitocin dabbobi a Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wato VCN. Ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni sukan duba wannan.

Littafin aiki

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk maganar nan. Ka sayi littafi mai kauri, mai bango mai tauri, ka ja layuka: kwanan wata, wuri, irin dabba da yawanta, abin da mai ita ya ce, abin da ka gani da idonka, abin da aka yi, wanda ya yi shi, sakamako bayan kwana uku ko bakwai, sai sa hannun likitan da ke kula da kai. Gurbin "wanda ya yi shi" kada ka yi masa ha'inci. Akwai bambanci tsakanin na kalla, na taimaka, da na yi da hannuna likita yana tsaye, kuma wanda ya san aiki zai gane wanne ne cikin tambaya biyu.

Ga misalin yadda rubutu ɗaya zai kasance. Saniya bunaji, shekara kamar biyar, mai ita ya ce tana ramewa mako uku duk da tana cin abinci. Zafin jiki 39.8, cikin fatar ido ya yi fari, kaluluwar gaban kafaɗa ta kumbura, garken ya yi rani a kurmi inda ƙudan tsando yake. An ɗebi jini a jijiyar wuya, awon yawan jajayen ƙwayoyin jini (PCV) ya nuna 21, an ga ƙwayar cutar sammore a madubin gwaji. Kewayen ƙirji santimita 160, tsawon jiki 130, nauyi kimanin kilo 307. Likita ya rubuta diminazin, maganin sammore, na haɗa, na yi allurar a tsokar wuya. Bayan mako guda zafi ya sauko 38.6. Layi biyar ke nan, amma duk wanda ya karanta ya san kana auna zafi kafin ka taɓa magani, ka iya ɗibar jini, ka san jinin saniya mai lafiya yakan tsaya tsakanin 24 da 46, kana ƙiyasta nauyi da awo maimakon ido, kuma kana komawa ka duba. Wannan na ƙarshen, komawa dubiya, shi ne abin da ya fi ƙaranci a cikin masu wannan aiki, shi ya sa yake da daraja.

A ƙarshen kowane wata ka ware shafi ɗaya ka tara jimla: shanu nawa ka yi wa rigakafin ciwon huhu, awaki da tumaki nawa ka yi wa na annobarsu da ake kira PPR, dabba nawa ka dandaƙe da ƙarfen dandaƙa na bodizo, jini nawa ka ɗiba, kashi nawa ka gwada da ruwan gishiri don neman ƙwan tsutsa, mushen kaji nawa ka buɗe. Daga wannan shafin ne lambobin CV ɗinka za su fito, kuma idan an ce ka nuna, kana da wurin nunawa.

Aikin da ya riga ya wuce fa? Kada ka zauna ka ƙirƙiro masa kwanan wata, tawada ɗaya da rubutu iri ɗaya na shekara uku suna tona asiri. Ka koma wurin likitan da ka bi, ka roƙe shi wasiƙa a kan takarda mai ɗauke da sunan asibitinsa, da lambar rajistarsa ta VCN da lambar wayarsa. Wasiƙar da ta ce yaro ne mai ladabi da ƙwazo ba ta da amfani a nan, kowa yana da irinta. Wadda ake so ita ce ta ce daga wata kaza zuwa wata kaza ya yi aiki a ƙarƙashina, yana kama bijimi ya kayar da shi da igiya, yana allurar tsoka da ta ƙarƙashin fata da ta jijiya ba tare da na tsaya a kansa ba, shi ke riƙe da kular rigakafi. Likitoci ba su da lokaci, don haka ka rubuta jerin abin da ka yi ka kai masa, ya soke wanda bai yarda da shi ba, ya sa hannu a kan sauran. Kuma ka sanar da shi duk lokacin da ka ba da lambarsa, kada a kira shi ya ce wane ne kuma wannan.

CV: shafi biyu, kowane wuri da nasa

Yawancin CV ɗin da ke yawo cike suke da sunayen darussan da aka karanta a aji. Manaja ya san an koyar da su. Ka sa lambobi a wurinsu. Maimakon "na ƙware a kiwon kaji", ka rubuta abin da ya faru da gaske, alal misali: na raini 'yan tsaki 500 daga kwana ɗaya zuwa mako shida, 18 suka mutu, wato kashi 3.6 cikin ɗari. Ko kuma: na riƙe lissafin kaji masu ƙwai 1,900, a rana ana tsintar kiret 50 da ƙwai 20, wato kashi 80 cikin ɗari. Ko: garken ya ci buhu 144 na kilo 25, ya ba da nauyin kilo 2,000, wato kilo 1.8 na abinci a kan kowane kilo na nama. Wanda ya iya fitar da irin wannan lissafi ya nuna ya san inda kuɗin gona suke zurarewa. Lambobin da na kawo misali ne kawai. Naka na gaskiya za ka sa, ko da ba su yi kyau haka ba, domin mutuwar kashi takwas da ka iya bayyana dalilinta ta fi ta kashi biyu da ka ara.

Kada ka aika takarda iri ɗaya ko'ina. Gonar kaji tana son ta ga rainon 'yan tsaki, jadawalin rigakafi, tsaron gona daga shigowar cuta, da lissafi. Asibitin cikin gari yana son kamun kare da kyanwa, sa ruwa a jijiya, shirya kayan tiyata da tafasa su, kula da dabba bayan aiki, da iya magana da mai ita. Ƙungiyoyin da ke aiki da makiyaya kuwa, abubuwan da kai kake rainawa su ne suke nema: kana jin Fulatanci ko Barbarci, kana tuƙa babur da lasisi, ka iya cike fom a waya da manhajar KoboCollect, ka iya Excel, ka san yadda ake shiga ruga a fara da gaida Arɗo kafin a nemi ganin shanu. Waɗannan su hau shafin farko. Irin wannan aiki ba zai yanke ba nan kusa, tunda bayan kawar da cutar shanu ta bushiya daga duniya a 2011 an sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da PPR, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Duk rigakafin gayya hannun malaman dabbobi yake bi.

Hoto da bidiyo suna taimakawa, gani ya kori ji. Bidiyo uku ko huɗu na minti ɗaya sun isa: ɗibar jini, allurar fiffike ta ƙyandar kaji, dandaƙa, haɗa rigakafi. Ka nemi izinin mai dabbar, kada sunan gonarsa ya fito. Amma ka kalle su da idon mai neman aibi kafin ka tura. Hannu ba safa cikin mahaifar saniya, kwalbar rigakafi ajiye a rana, allura ɗaya ana bin garke da ita, silifas a ɗakin kaji, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya sa a ajiye fayil ɗinka. Hoton hannu ba safa ya fi ba ni tsoro, domin bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana kama mutum ta nan.

Ranar da za a gwada ka

Mai gonar da ya san abin da yake yi ba zai tsaya a ofis ba, zai ce mu je ciki. Gwajin ya fara tun daga ƙofa: ka zo da takalmin roba wankakke, ka tsoma ƙafa a ruwan magani ba tare da an ce maka ba, kuma idan ka shiga wata gonar kaji a kwana biyun da suka wuce ka faɗa da bakinka. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gona a jihar Kaduna, masu kaji ba sa wasa da wannan.

Tambayar da ba ta wuce ka ita ce rigakafi ta ruwan sha, Lasota (na cutar kaji ta Newcastle) ko Gumboro. Ka ba da amsar a jere kamar yadda ake yi. A dakatar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa kwana biyu kafin ranar. A wanke mazuban ruwa da ruwa zalla, ba sabulu. A janye ruwa awa ɗaya zuwa biyu da sassafe, a rage lokacin idan ana zafi. A yi amfani da ruwan sanyi marar kulorin a mazubin roba, ba bokitin ƙarfe ba, a zuba garin madara marar maiƙo kamar giram biyu a kowace lita, a jira minti goma sha biyar. A buɗe kwalbar a cikin ruwan. Yawan ruwan ya zama wanda za su shanye cikin awa biyu. Ƙiyasin da ake yi shi ne lita ɗaya ga kowane kwana na shekarunsu a kan kaji dubu, wato kimanin lita 14 ga kaji dubu 'yan kwana 14, a ƙara idan zafi ya yi yawa. A ƙara mazubai don kowace ta samu, a zagaya ana tayar da waɗanda suka kwanta. Idan ka ƙara da dalili, cewa ƙwayar rigakafin rayayya ce, kulorin da zafi da rana suna kashe ta, kuma bayan awa biyu ruwa kawai kajin suke sha, ka gama da wannan tambayar. Ka ambaci rubuta lambar kwalba da ranar lalacewarta, da ajiya a firij tsakanin digiri 2 da 8, ban da wadda kamfanin ya ce a daskarar. Na ƙyandar kaji kuma, ka ce za ka dawo bayan kwana bakwai zuwa goma ka duba ɗan kumburin fiffike da ke nuna ta kama.

Sai lissafin magani, inda da yawa suke faɗuwa saboda sun saba da "cika sirinji". Nauyin bijimi ko saniya: kewayen ƙirji sau kansa, sau tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, a raba da 10,840, duka da santimita, ya ba ka kilo. Ga sa mai kilo 300, oksitetrasaikilin mai dogon aiki na kashi 20 mil ɗaya ne ga kilo goma, wato mil 30, a raba wuri biyu cikin tsoka mai zurfi don kada wurin ya ƙurje. Ibamektin na kashi ɗaya mil ɗaya ne ga kilo hamsin, wato mil 6, a ƙarƙashin fata. Ƙaramin ƙullin diminazin na giram 2.36 ana narka shi a ruwan allura mil 12.5 ya ba da mil 15, daidai kilo 300. Ka san kuma inda ake ja da baya: maganin tsutsa na albendazol ba a ba dabba a farkon ciki, diminazin yana da haɗari ga raƙumi. A kowace amsa ka ce za ka duba jikin kwalbar, domin ƙarfin magani yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma ka kawo maganar kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Mai kiwon ragunan layya da mai sayar da madara duka wannan ya shafe su.

Akwai tambayar tarko da ake yi: an kira ka, sa ya faɗi ya mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura bai daskare ba, me za ka yi? Wanda ya ce zai buɗe ya duba ya faɗi. Ana zargin ciwon saifa, ba a feɗewa, ba a jan mushen, a hana mutane da karnuka zuwa wurin, a kira likita da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan take. Cutar ta ɓulla a jihar Neja a 2023, ba tarihi ba ce. Haka in an tambaye ka aika samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ko asibitin koyarwa na Zariya, Sakkwato ko Maiduguri: jinin da ba a so ya daskare a kwalba mai murfi shuɗi-ja mai sinadarin EDTA da ke hana daskarewa, a juya ta a hankali, wanda ake son ruwansa a mai jan murfi, a jingine ta ya daskare, tsokar da za a duba a madubi a yanka ta kada ta wuce kaurin santimita ɗaya, a sa a fomalin na kashi 10, kashi ɗaya nama kashi goma ruwan fomalin, kuma ba a daskarar da ita, sauran a sa su cikin kula mai ƙanƙara, kowanne da lakabi da tarihin cutar.

Idan aka tambaye ka abin da ba ka taɓa yi ba, ka ce ban taɓa yi da hannuna ba, na ga an yi sau kaza, ga yadda na fahimta. Wannan amsa tana ƙara maka daraja a wurin likita, domin shi zai ɗauki alhakin abin da ka yi.

Wannan ya kawo ni kan sunan "dakta". A ruga da kara kowa haka zai kira ka, ba laifinka ba ne. Amma kada ka rubuta shi a CV, ko a kati, ko a shafinka na Facebook da WhatsApp. A doka, likitan dabbobi shi ne wanda ya yi digirin likitancin dabbobi na DVM kuma VCN ta yi masa rajista. Likitan da ke neman mataimaki, da ya ga ka ara wa kanka sunan, zai ɗauka gobe za ka buɗe cikin dabba ba da saninsa ba. Aikinka yana da martabarsa da sunansa, kuma nuna ka san lokacin da za ka ce wannan sai likita yana cikin ƙwarewar da ake biya.

Abin da wannan shawara ba za ta yi maka ba

Aikin gwamnati yana da tasa hanyar: sai an buɗe gurbi, an yi sanarwa, an bi hukumar ɗaukar ma'aikata, kuma littafin aiki ba ya buɗe gurbin da babu. Albashin gonaki masu zaman kansu ma sau da yawa bai kai wahalar ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Inda abin da na faɗa yake aiki sosai shi ne wurin da mutum ɗaya, mai gona ko likita ko jami'in shiri, zai yanke shawara da kansa.

Kafin a kira ka, kada littafin ya zauna fanko. Ka je asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa ka nemi a sa ka cikin ayarin rigakafin shekara, ko da ba biya. Ka nemi izinin bin masu duba nama a mayanka da asuba, nan ne za ka ga huhun da ciwon huhu ya manne da haƙarƙari da hantar da tsutsa ta cinye, abin da hoto a littafi ba ya koyarwa. Watanni uku kafin babbar salla masu turke suna neman mai duba musu raguna. Wata uku na irin wannan, da sa hannu a kowane shafi, ya isa ka koma wuraren nan biyu da suka ce ba ka da gogewa.

Idan ka koma, ka nemi gwajin mako biyu, a rubuta sharuɗɗansa: ranar farawa, ranar gamawa, kuɗin mota da abinci, da wanda zai duba aikinka. Kada ya wuce haka, don akwai masu mai da gwaji aikin kyauta na wata shida. A cikin kwanakin ka riƙe lissafin ɗakin da aka ba ka kullum: abincin da aka zuba, ruwan da aka sha, waɗanda suka mutu da abin da ka gani a cikinsu, ƙwan da aka tsinta, zafin ɗaki safe da rana. Ranar ƙarshe ka miƙa wa manaja shafi ɗaya mai ɗauke da jimlar, da abu biyu ko uku da ka lura suna bukatar gyara, kamar mazubin ruwa da ke yoyo yana jiƙa shimfiɗa, ko labulen da ke hana iska shiga da rana, da abin da gyaran kowanne zai ci. Ka riƙe kwafi, ka nemi ya sa maka hannu a kai ko ya ɗauke ka ko bai ɗauke ka ba. Allah Ya ba da sa'a.